Lallen da Muka Ƙunsa wa 'Yar Dutse

Kwanakin baya na je dubiya asibiti a nan Kazaure, jikar ƙanwata ce ta haihu, sai na tarar da ɗakin mata tsit kamar an yi musu gargaɗi. Kowace mai jinya ta sunkuyar da kai a kan waya, abinci kuma a leda ake kawo shi daga bakin titi. Ba murhu, ba turmi, ba mai ce wa ta kusa da ita ta sam mata gishiri. Sai da na yi sallama sau biyu kafin wata ta ɗago. A lokacinmu jinya unguwa guda ce. A gindin bishiya ake kafa ta, da duwatsun murhu da tabarmi da igiyar shanya, kafin kwana uku kin san ciwon kowa da garin kowa da wanda mijinta bai zo dubiya ba. A irin wannan zaman na yi ƙawar da ban taɓa yin irinta ba, na kuma ji harshen da har yau ban sake jin wani mahaluƙi ya furta shi a gabana ba.

Ina amarya ce a lokacin, ban fi shekara da fitowa daga sakandaren 'yan mata ba. Malam, maigidana, yana koyarwa a Ɓaɓura. Shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ne, malamai na sayen babur da rediyo mai kaset, kwanon sha mai fure yana korar ƙwarya daga ɗakunan amare. Duk wannan sabon abu surukata Inna ba ta ga ko ɗaya ba, domin yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu tun kafin a kawo ni. Mutuniyar Roni ce, doguwa, mai baki. Da hannu take duba aikina: ta shafa gindin tukunya ta ce, "'Yar boko, wannan wankin na jarrabawa ne ko na Allah da Annabi?" Amma ita ce take ajiye mini ƙanzo a ƙarƙashin faifai.

Fatake masu kai goro tsallaken iyaka su suka kawo labarin cewa wasu likitoci 'yan Sin sun sauka a wani asibiti a ƙasar Nijar, suna cire yana kamar ana ɓare ƙwai. Malam ba zai iya barin aji ba, sai aka ce ni zan tafi jinya. Kai, ranar ban iya cin tuwo ba don murna! Ni da ban taɓa wuce Kano ba, ga ni a bayan akori-kura da ƙullin gari da kuka da daddawa, da 'yan sefa a bakin zane, ina karanta wa Inna duk allon da muka wuce ko da ban san me yake nufi ba. Da muka isa aka rubuta sunanta, aka ce babban likitan ido yana can babban birni, sai nan da mako uku zai zo, kwana biyu kawai zai yi ya koma. Muka shimfiɗa tabarma a gindin wani gawo tare da sauran masu jira.

Kullum da hantsi wata nas 'yar Sin take zagayowa tana ɗiga wa masu jira magani a ido. Gajeriya ce, fuskarta a zagaye, ta girme ni da kaɗan. Ta tsinci Hausa irin ta aiki: "Buɗe. Lufe. Sannu Inna. Babu zafi." Sauran abokan aikinta idan sun tashi cin abinci suna hayaniya, ita sai ta koma gefe. Inna ce ta fara lura, ita da ba ta gani. Wata rana nas ɗin tana wanke ƙananan kwanonin aikinta a famfon da ke bayanmu tana 'yar magana ita kaɗai, sai Inna ta taɓa ni.

"Ke, saurara. Wannan ba yaren sauran ba ne."

"Inna, duk ɗaya ne, Sinanci ne."

"Rufe mini baki. Na wancan da kuke ce wa mai tabarau daga haƙori yake fita. Nata daga hanci yake bi."

Mai tabarau shi ne tafintansu, wani dattijo da ya iya Faransanci da Hausa mai dama-dama. Na daure na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce tsohuwa ta yi gaskiya, shi kansa ko kalma ɗaya ba ya ji a cikin abin da take faɗa. Ya ce daga wasu duwatsu take a can kudancin ƙasarsu, inda ake noman ganyen shayi, mutanenta kaɗan ne ƙwarai, a takarda ma an haɗa su da wata babbar ƙabila alhali ba sa jin maganar juna. Yaren gwamnati a makaranta ta koya, shi ya sa in ta yi shi abokan aikinta suke ƙunshe dariya, ita kuma ta koyi yin shiru. Shekararta ɗaya da rabi a nan ba ta sami wanda za ta ce wa ina kwana da harshen uwarta ba.

Washegari da ta zo ɗiga magani Inna ta kama hannunta ta ƙi saki. "'Yan mata, ku su wane ne a garinku?" Da ƙyar ta gane tambayar. Ta waiga ta ga ba kowa a cikin nasu, sannan ta dafa ƙirji ta ce a hankali, "Lakkiya." Ta nuna ni da ita ta ce "lak," mutum ke nan. Ta ɗaga hannu sama ta zana tudu ta ce "kya," dutse. Mutanen dutse.

Inna ta tafa hannu. "Ashe 'yar gida ce! Mu ma a Roni tsakanin duwatsu aka yanke mana cibi. Zauna, 'Yar Dutse." Sunan da ya bi ta ke nan har muka rabu, har matan gindin gawo da shi suke kiran ta.

Daga ranar, duk la'asar idan ta tashi aiki sai ta raɓo wajenmu kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Na fito da ragowar littafin rubutuna na makaranta. Ni in nuna abu in faɗi Hausarsa, ita ta faɗi nata. Kalmominsu gajeru ne, gaɓa ɗaya tak, kamar ana jefa tsakuwa a rijiya. Ido "pla." Tsuntsu "mlok." Ruwa "num." Bakina ya ƙi haɗa baƙaƙe biyu ba wasali a tsakani, sai in ce "fala," in ce "muloko," ita kuma ta rufe baki da hannu tana dariya har hawaye. Wasu kalmomin sai an sako rabin iska ta hanci, wasu kuma a ƙarshe sai a datse su a leɓe ko a maƙogwaro ba a saki ba. Ga kuma hawa da saukar murya. Mu ma muna da shi a Hausa, ban taɓa lura ba sai a lokacin, amma nasu ya ninka namu: wata a miƙe, wata ta hau, wata ta gangaro, wata ta yi kamar za ta sauka ta fasa. Ni mai takardar sakandare ina ta zana 'yan kibiyoyi a kan kalmomi ina ruɗewa, Inna kuwa sau ɗaya za ta ji ta mayar daidai. 'Yar Dutse ta riƙe baki ta ce, "Inna, kamal gida!" Inna ta juyo wajena ta ce, "Kin ji ko? A mayar wa gwamnati kuɗin makarantarki."

Abin da ba na mantawa shi ne ranar da ta karɓi littafin ta duba. Ta iya rubutun ƙasarsu mai kama da sawun kaji, amma na yaren gwamnati ne, nasu ba a rubuta shi. Ta sa yatsa a kan "num" da na rubuta da baƙaƙen boko, ta sa na karanta, ta rufe ta sake buɗewa ta sa na kuma karantawa. Ta daɗe tana kallon shafin. Malaminmu na Islamiyya ya karantar da mu cewa bambancin harsuna yana cikin ayoyin Allah, na haddace na ba da hadda, amma sai a gindin gawon nan na san abin da na haddace. Bara jikata ta bincika mini a waya, ta ce har yanzu suna nan a duwatsunsu, duka-dukansu ba su kai mutanen garin Kazaure ba, harshen nasu dangin na mutanen Tailan ne na nesa, yaransu kuma sun fara barin sa suna kama na birni. Na ce mata to kamar ku ke nan, da ba ku san zunguru ba. Ta ce mene ne zunguru? Na ce ɗan dogon duma ne da ake zura hannu a ciki idan an ƙunsa lalle, kuma shi ne ya kusa jawo wa kakar babanki mutuwa da makanta.

Ga yadda aka yi. Babban likita zai iso ranar Litinin, aka sa Inna a aikin Talata. Ran Asabar Inna ta ce, "Wannan zama naku ba tsari. Ƙawance ba a yin sa da baki kawai. Gobe ba ta aiki, ki ƙunsa mata lalle da hannunki, ta zama ƙawarki ta gaskiya, ko bayan raina." Inna ba ta tafiya babu garin lalle a ƙullinta, na bishiyar bayan ɗakinta na Roni, wanda ko a kan dutse aka sa sai ya kama. Na nuna wa 'Yar Dutse lallen ƙafata, na yi mata bayani. Idonta ya yi haske. Ta ce uwarta mai rini ce, hannuwanta kullum shuɗi ne da baban rini har wuyan hannu, tun tana ƙarama ba ta taɓa ganin su fari ba. Ta miƙo hannu biyu.

Lahadi da hantsi gindin gawo ya zama gidan biki. Wata Bazabarma ta kawo tsumma, wata ta ara mana zunguru ɗaya, ɗaya hannun muka naɗe da ganye. Ni na kwaɓa, ni na shafa, Inna tana ba da umarni: "Har wuyan hannu! Kada ki yi mata na ƙauyanci!" Aka yi guɗa ƙasa-ƙasa don marasa lafiya. Tun da hannayenta a ɗaure suke, ni na riƙa ba ta fura a baki da ludayi, tana yamutsa fuska tana cewa a ƙara. Da la'asar muka kwance. Masha Allah! Ja wur, ya doshi baƙi, farce kamar an tsoma a jini. Ta ɗaga su a rana tana juyawa tana wata magana da harshenta da sauri-sauri. A cikinmu mata wajen ashirin babu wadda ta tuna cewa waɗannan hannayen su ne suke miƙa wa likita almakashi. A wurinmu lalle ado ne, tsabta ce, sunna ce. Wa zai ce laifi ne?

Litinin ba ta zo ɗiga magani ba. Wani ne ya zo. Da azahar tafinta ya same mu fuska ba walwala, ya ce babban likita ya ga hannun ya yi faɗa sosai. Ya ce ba za a iya bambance tsabta da datti a irin wannan hannu ba, ko da safar roba, domin safa tana hujewa. Ban da haka an hana su shiga sha'anin mutanen gari har haka. An cire ta daga ɗakin tiyata sai launin ya fita.

Inna ta ce, "To ni ma na fita."

"Inna!"

"Ido biyu za a yi mini aikin nan, an ce ba za a sa ni barci ba, allura ce kawai, kuma in na motsa ido ya tafi. Ni zan kwanta baƙi su sa mini wuƙa a ido ba wanda na sani? Ita ta ce za ta tsaya a kaina. Ba ita, ba ni. Naɗe tabarma."

Na san Inna. In ta ce a naɗe tabarma, a naɗe. Likita kuma Laraba zai koma, ba wanda ya san ranar dawowarsa. Na ruga bayan famfo na tarar da 'Yar Dutse a tsugune, idonta ya kumbura. Nan muka hau hannun nan da duk abin da matan gawo suka sani: lemon tsami, toka, sabulun salo, dutsen goge kaushi, har kananzir wata ta tsiyayo daga fitilarta. Fata ta yi zafi, lalle ko gezau, sai ma ƙara kyau da ya yi. Bazabarma ta duba ta ce, "Wallahi lallen ƙwarai ne," na ce mata don Allah ta yi shiru.

Da na idar da sallar la'asar na daɗe a kan sallaya. Sannan na yafa mayafi, na kama hannun Inna, na ce mu je wurin likitan da kanmu. Muka same shi a barandar ofis, wani siriri mai furfura, tafinta a gefensa, 'Yar Dutse a tsaye can baya ta ɓoye hannu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce laifin nawa ne, ni na kwaɓa ni na shafa, ita ba ta san ba ya wankuwa da wuri ba. Wannan na ƙarshen ba gaskiya ba ne, Allah Ya yafe mini. Ya saurara ya ce ya ji, amma hannun nan ba zai taɓa komai a ɗakinsa ba.

Inna ta ce, "Tafinta, me ya ce?" Aka faɗa mata. Ta gyara tsayuwa. "Gaya wa lokotoro, ni hannunta na ce ina so? Ya riƙe hannun, ya sa a aljihu in ya ga dama. Muryarta nake so. Ta tsaya inda zan ji ta."

Tafinta ya mayar. Likita ya ɗan yi tunani, ya ce za ta iya tsayawa a bakin ƙofa daga ciki, hannu a baya, ta riƙa lallashin tsohuwa da Hausa.

"A'a," in ji Inna. "Hausarta dariya take ba ni. In ta ce mini 'lufe' na ƙyalƙyale, wuƙa ta zame, wa gari ya waya? Nata za ta yi, na duwatsu."

Na ga tafinta ya cije leɓe kafin ya fassara. Likita ya juya ya dubi 'Yar Dutse, ya tambaye ta wani abu. Ta sunkuyar da kai, kunnenta ya yi ja kamar hannun. Shekara ɗaya da rabi tana ɓoye harshen nan daga mutanen nan kamar abin kunya. Ta ɗago ta dubi Inna, ta gyaɗa kai.

Talata da safe na rako Inna har ƙofa, tana jan carbi, aka karɓe ta. Na manna kunne a jikin ƙyaure. Da farko ƙarar ƙarafa kawai nake ji. Sai murya ta taso, siririya, tana rawa. Ta tsaya. Na ji Inna ta ce, "Ɗaga murya, 'yar nan, ba gulma muke ba." Sai ta saki. Ban taɓa jin harshen a jere haka ba, kullum ɗaiɗai muke tsinta. Yana hawa yana gangarowa, yana bi ta hanci, yana datsewa, yana sake ɓallewa kamar ruwan sama a kan kwano. Tun tana yi a hankali har ta manta da inda take, har da 'yar dariya a ciki. Daga baya 'Yar Dutse ta gaya mini hanyar gidansu ta bi da Inna: daga inda mota take ajiye mutum, a tsallake rafi, a hau ta cikin gonakin shayi, har ƙofar da uwarta take shanya zane. Inna kuma ta ce ita tsintar kalmomin da ta sani ta riƙa yi, in ta ji ruwa ta ja carbi ɗaya, in ta ji tsuntsu ta ja ɗaya, ba ta ankara ba ta ji ana naɗe mata kai. Da aka buɗe ƙofa, wata nas daga cikin masu ƙunshe dariyar nan ce ta fara fitowa, ta dafa kafaɗar 'Yar Dutse ta wuce ba ta ce komai ba.

Kwana uku Inna tana kwance ba motsi, ina ba ta kunu da cokali. Ran na huɗu aka zo kwance bandeji. Matan gawo suka cika taga. Aka warware a hankali, aka goge, aka ɗora mata wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ta ƙifta, ta ƙifta. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi Rabbil alamina." Ni kuwa kuka nake kamar an mare ni. Ta bi fararen riguna huɗu da ke tsaye da kallo, ta wuce su, ta dube ni daga sama har ƙasa, karo na farko tun da aka kawo ni gidanta. Ta ce, "Ashe ba ki da muni." Sannan ta ce, "Ina take?"

'Yar Dutse ta matso daga baya. Inna ba ta dubi fuskarta ba tukuna. Ta kamo hannayen biyu ta kawo su dab da tabarau, ta juya ciki, ta juya baya, ta jera su. Na zunguru ya yi baƙi sosai, na ganye ya tsaya a ja, ga wani gurbi fari a gindin babban yatsa inda lallen ya zame.

"'Yar boko, zo nan. Wannan ne ƙunshin da aka kusa hana ni ido a kansa?"

"Shi ne, Inna."

"Hannu ɗaya dare ɗaya rana! Haka kika yi wa ƙawarki, kina da ido biyu?" Ta rungume hannayen a ƙirjinta, hawaye na bin ƙarƙashin tabarau, likitan da aka bar mana yana ta cewa kada ta yi kuka. "Bari ya goge, 'Yar Dutse. In Allah Ya kai mu, ni zan ƙunsa miki da kaina."

Tafinta ya ce, "Inna, don girman Allah, a bari sai ta gama aiki a ƙasar nan."